Kwaɗo a Bakin Rijiyar Kawu

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Umma da duk mutanen gida. Na iso makaranta lafiya, har mun koma aiki a asibiti. Na so in kira ka a waya, sai na tuna abin da injin yankan katako ya yi wa kunnenka, kuma maganar da ke bakina ba ta ɗaga murya ba ce.

Kawu, ka san ƙungiyar da ta ɗauki nauyin karatuna na likita. Sharaɗinta ɗaya ne: kowane hutu ɗalibanta su koma unguwannin da suka fito su yi aikin lafiya. Shi ya sa ka gan mu mu shida muna shiga gida-gida da takardu, har kana yi mana dariya wai mun zama 'yan ƙidaya. Amai da gudawar nan da suka addabi yaran unguwa tun farkon damina muke bi. Mun samu yara talatin da ɗaya da suka kwanta, ban da jaririn maƙwabcinmu Mai Faci da Allah ya karɓi abinsa. A kowane gida mun tambayi inda ake ɗebo ruwan sha. Ashirin da bakwai daga cikin yaran, a rijiyar gidanmu ake ɗebo musu.

Na ce wa Babbar Likita, shugabar tawagarmu, wannan ba abin mamaki ba ne, tunda kusan kowa a nan yake ɗiba. Ta ce to mu jira ɗakin gwaji. Jiya sakamakon kwalaben da muka ɗebo ya fito. Ruwan famfon bakin titi lafiya lau. Na rijiyarmu yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ake samu a bayan gida.

Sau uku na karanta takardar ko zan ga kuskure. Ban gani ba. Roƙona, Kawu, ka rufe rijiyar zuwa lokacin da za a gano abin da ya shige ta.

Ka yafe mini idan na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma da ruwan rijiyar muka yi alwala da safen nan.

Na karanta takardarki. Shekara talatin da huɗu ke nan da na haƙa rijiyar nan, ni da kaina na shiga ramin da igiya a ƙugu. Tun ranar ban taɓa rufe wa kowa ƙofa ba. Ranar da mahaifiyarki ta rasu aka kawo mini ke kina rarrafe, da wane ruwa aka yi miki wanka? Kan da kike karatun likitan da shi, wane ruwa ya sha? Yanzu kwalba ce za ta zo ta ba da shaida a kaina.

Ruwan nan in kin leƙa sai kin ga fuskarki. Ni ban kwanta ba, Ummanki ba ta kwanta ba. Kuma ki gaya wa Babbar Likitarki, famfon bakin titi da take yabo sau biyu a mako yake kawo ruwa, shi ma sai ya ga dama. In na rufe rijiya, takardarku mutane za su sha?

Ki mai da hankali kan karatunki. Ƙungiyar nan ta yi mana alheri, ban manta ba, amma ba ita ta haƙa mini rijiya ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Umma.

Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, har da maganar famfo. Na kai wa Babbar Likita, ba ta yi gardama ba, ta ce za ta kai zancen ruwa gaban ƙungiya.

Jikin babba yakan jure abin da zai kayar da ɗan shekara biyu, shi ya sa ba ku kwanta ba. Kuma ni ma ban ce rijiyar ta yi shekara talatin da huɗu tana cutar da mutane ba. Bara lafiya take. Tambaya ɗaya nake da ita, kuma kai kaɗai za ka iya amsa ta: me ya canja a kusa da ita daga bara zuwa bana? A karatunmu an ce ramin masai ya nisanci rijiya da taku talatin ko fiye.

Kafin nan, don Allah duk wanda ya ɗiba a ce masa ya tafasa. Matar Tela tana cikin matan da ƙungiya ta koya wa haɗa ruwan gishiri da sukari. Duk yaron da ya fara gudawa a kira ta, kada a jira gobe.

'Yarka,
Auta

*

Auta 'yata,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san rabona da biro tun kina firamare.

Ni ce na ce bari in rubuto miki, don in aka biye wa Kawunki sai ki gama makaranta ba ki ji komai ba. Ranar da takardarki ta biyu ta zo, a tsaye ya karanta ta a tsakar gida. Ya ninke ya sa a aljihu, ya tafi bakin rijiya ya tsaya. Sai na ga ya fara taku yana ƙirgawa, ya nufi ɗakuna biyun nan da ya gina wa 'yan haya bara. A ƙofar sabon masai ya tsaya. Ya dawo ya sake. Na ce, "Malam, me ya ɓata?" Ya ce, "Bakwai." Abincin rana ma haka na ɗauke shi bai taɓa ba.

Washegari ɗan Tela, ƙaramin, ya fara gudawa. Kafin azahar idanunsa sun faɗa. Uwarsa ta yi abin da aka koya mata, cokali-cokali tana ɗura masa, ba ta tsaya ba har suka isa asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba don ruwan gishirin nan ba da wani labarin ake yi. Yana nan da rai, jiya ma ya ciji yayarsa.

Kawunki ya bi su asibitin, daga can shagonsa na kafinta ya wuce. Ya ɗauko katakon da ya ajiye don teburin wani mutum, ya yi murfi da shi, ya sa masa ƙarfe da kwaɗo. Makullin yana wuyansa.

To kin ga tashin hankali. Mata sun cika ƙofar gida da bokitai. Wata ta ce ai dama ta san wata rana zai fara sayarwa. Mai Shayi ya ce tsufa ne ya taɓa masa kai. Kawunki yana tsaye, rabi yana ji rabi ba ya ji, abu ɗaya yake maimaitawa: "Ruwan ba shi da lafiya. Laifina ne." Ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba, ni da na yi shekara arba'in da shi.

Auta, in ƙungiyarku za ta yi wani abu, ta yi da sauri. Kwana uku ke nan mutane suna tafiya har bayan kasuwa neman ruwa.

Ummanki

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da karatu.

Na san Ummanki ta riga ni, don na ga biron shago a ɗakin girki. To ga abin da ba ta sani ba. Lokacin da za a haƙa masan nan, magini ya ce mini ya yi kusa da rijiya. Na ce masa fili ne babu, ya yi aikinsa, ni ba a koya mini gidana. Ya haƙa.

Jiya na je wurin Mai Faci. Na same shi a bakin titi ya tsoma robar taya cikin baho yana neman inda take yoyo. Na tsuguna na ce masa, "Jaririnka ruwana ya sha. An gargaɗe ni ban ji ba. Na zo ka san wannan daga bakina." Ya ci gaba da juya robar a ruwa. Can ya ce, "Baba, matata ta ɗebo, ni na riƙe masa kofin. Mun zama mu uku ke nan. Wa za a kama?" Na ce, "Ni." Ya ce, "Kamawar ba za ta dawo da shi ba. Yaushe za a cike ramin? Ina da shebur."

Ban san yadda na koma gida ba.

Na ba 'yan haya masan cikin gida, na rufe ƙofar wancan da ƙusa. Ki gaya wa Babbar Likita ta zo ta ga komai da idonta. Maganganun da na yi a takardata ta farko, ki ɗauka na janye su.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawuna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na karanta takardarka a ɗakin hutun ɗalibai, sai da na fita waje don kada a tambaye ni me ya sami idona.

Ga labari. Ƙungiya ta zauna jiya. Daga Litinin tankar ruwa za ta riƙa zuwa kowace safiya har a gama aiki, kuma Babbar Likita ta ce a ƙofar gidanka za ta tsaya, don mutane su ci gaba da zuwa inda suka saba. Za a turo ma'aikata biyu. Za a kwashe ramin a cike shi, a yashe rijiyar, a saka mata zoben siminti daga ƙasa har sama, a wanke ta da magani, a rufe bakinta a kafa famfon hannu. Kayan aiki na ƙungiya ne, hannu na unguwa. Ba za a buɗe ba sai an gwada ruwan sau uku ya fito lafiya.

Ba zan samu zuwa ba, jarrabawar ƙarshe saura mako biyar. Malamaina sun yarda aikin unguwarmu ya zama binciken da zan kare a gabansu. Ban sa sunan kowa ba. Na rubuta "mai rijiyar" kawai, amma idan hakan ma ba ka so, zan cire.

Ka ci abinci, Kawu. Ina da mai ba ni rahoto.

'Yarka,
Auta

*

Auta 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau da daɗina nake rubutu.

Da kin ga unguwar nan ranar da aka fara aiki. Mai Faci ne ya fara isowa da shebur ɗinsa, ko shagonsa bai buɗe ba. Da mutane suka gan shi, sai kunya ta kama sauran. Tela ya zo, direbobi biyu suka zo, har Mai Shayi ya kawo butarsa yana zuba wa ma'aikata, yana cewa shi dama tun farko ya san Malam yana da dalili. Na kalle shi kawai. Matar nan da ta ce za mu fara sayar da ruwa, ita ta fi kowa ɗibar yashi.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Kawunki ya so shiga ramin, ma'aikatan suka ce wallahi in ya shiga za su ajiye aiki. Sai ya koma yana duba musu ko zoben ya miƙe, har suka gaji da shi.

An gwada sau uku, duka lafiya. Ranar Laraba aka buɗe. Babbar Likita ta ce Kawunki ya fara buga famfon, ya ce a'a, a kira matar Mai Faci. Ta zo ta kama famfon. Ta buga, ruwa ya zubo, ta tara hannu ta sha. Sai da ta ce, "To ku matso da bokitan mana," sannan wuri ya kaure da dariya da kuka.

Matar Tela tana da littafin da take rubuta duk yaron da ya kamu. Ta nuna mini: tun mako guda bayan sa kwaɗon nan ba ta rubuta ko ɗaya ba. Yanzu su takwas ne matan da aka koyar, ni ce ta takwas. Kada ki yi dariya.

Kawunki ya ce kada ki cire komai daga takardar makarantarki. Ya ce ki ƙara da cewa magini ya faɗa masa.

Allah ya ba ki sa'a.

Ummanki

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso. Kin ci jarrabawa, kuma da yabo. Alhamdu lillahi. Ummanki ta zagaya gidaje goma sha biyu da labarin, ni na zauna a shago na kasa riƙe guduma.

Makon jiya Babbar Likita ta zo ta ce in raka ta unguwar bayan kasuwa. Akwai wani dattijo mai rijiya da ya kori ɗaliban ƙungiya da sanda. Na ce ni ban iya magana ba. Ta ce ba magana take so ba, in zauna da shi kawai. Na zauna da shi a kan benci, na gaya masa abin da ya same ni, ban rage komai ba. Ya zage ni. Jiya ya aiko a auna masa murfi.

Asabar mai zuwa za mu unguwa ta uku. Ummanki ta ce ba za ta bar ni in bi likitoci da wannan takalmin ba, don haka gobe za mu kasuwa.

Ki taho gida. Allah ya kawo ki lafiya.

Kawunki