Waƙar Umma Ta Fito Babu Murya

Anti, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle.

Bana na gama jami'a. Yayana mawaƙi ne, ya fitar da sabon faifai. Budurwarsa ta samu waƙa, abokansa sun samu, har mai askinsa ya samu baiti. Waƙar da ya sa wa suna "Umma" kuwa kiɗa ne zalla, jita da sarewa. Na saurara da kyau, ko tari bai yi ba.

Umma ta tara ƙawayenta a falo ta kunna, suka yi tsit suna jiran Yaya ya fara rerawa. Kiɗa ya ƙare. Ta ce sifika ce ta lalace. Mai gyara ya kwance ta, ya ce muryar na ciki, maƙalewa ta yi. Sai na bayyana mata cewa mawaƙa kan sa irin wannan a tsakiyar faifai don a huta, kuma Yaya ya ce abin da ke ransa game da ita ya fi ƙarfin baki. "Huta" kawai ta riƙe: wato da aka zo kanta ne ya gaji.

Yanzu in ya kira, sai ta ɗaga wayar ta yi ta buga cokali a murfin tukunya, ta kashe. Yaya kuma ya kira ni in fassara, wai ni na yi karatu. Kimiyyar ƙasa na karanta, Anti. Taron ƙaddamar da faifan ya matso, ta ce ba za ta je ba. Ina tsoron su rabu a haka.

Ƙanwar mawaƙi

AMSA

'Yata, kwantar da hankalinki. Yayanki bai yi ƙarya ba, kiɗa zalla na da gurbinsa a faifai, wani lokaci ma shi ya fi taɓa zuciya. Amma Umma ma da gaskiyarta. An yabi mai aski da baki, ita an bar ta da sarewa a gaban ƙawayenta.

Ki daina yi mata bayani, ki daina fassara tukunya. Ki ce wa Yaya ya zo gida da ƙafarsa. A kira ƙawayen nan, duka, a kunna kiɗan, ya durƙusa ya rera mata a kai. Ya gaya mata wannan muryar ba ta sayarwa ba ce, tata ce ita kaɗai.

In ta ɗauko cokali a tsakiya, kada ki firgita. Ki duba ko bugun ya hau kan kiɗan. In ya hau, ta huce.

Allah ya daidaita ku. Kuma a canza mai gyara.