Katangar da Ka Sa a Lungun Baya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri. Inna ta warke daga tarin nan, Auta kuma ya fara aiki.

Yaya, raina a ɓace yake, ba kuma zan ɓoye maka ba. Ta waya ka sa magini ya toshe lungun bayan gida saboda ɓarayi, ka ce Baba ya riƙa bi ta filin ƙwallo in zai je wurin amininsa mai gyaran agogo. Wane filin? Shekara goma sha biyu rabonka da garin nan. Filin ya zama gidaje, bayansu ma gidaje ne iya ganinka, kowane layi ka shiga sai ka ci karo da katanga ko ƙofa a kulle. A da, duk lungun da ka bi zai fitar da kai wani. Yanzu kowa ya toshe nasa, kai ma ka bi sahu daga nesa. Tafiyar minti biyu ta koma sai an fita babban titi an zagayo, kusan awa guda, ga tsohon da gwiwa ta hana shi sakat. Na gaya maka, ka ce ban san tsaro ba. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sati uku mai agogo ya yi a kwance. Sau biyu yana aikowa Baba ya zo. Mota ba ta shiga layinsu, kullum sai Baba ya ce gobe, in ƙafar ta yi sauƙi. Ranar Talata da safe muna tsakar gida muka ji kuka ta bayan katangarka. Baba ya ajiye kofin shayinsa, ya je ya dafa bulo, ya daɗe a tsaye. Taku arba'in ne tsakaninsu, Yaya.

Ya ce kada in faɗa maka, wai da kyakkyawar niyya ka yi. Ni ban ɗauki alkawari ba. Ranar Asabar magini zai zo ya fasa ƙofa a katangar, don Baba yana so ya riƙa leƙa iyalin marigayin. Ba izininka nake nema ba.

Ka gaida mini Anti da 'yan biyu. Inna da Auta suna gaishe ka. Baba ma ya ce a gaishe ka, shi da ba ya riƙo.

Ƙanwarka.