Harshen Rumawa da Hedimasta Bamalli

Kwamba, Suleja
Janairu, 1979

Zuwa ga ƙanena Jibrin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, in ban da Baba.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. An cire Baba daga limancin masallacin unguwarmu. Ka tuna littafin Latin ɗin da ka bari a zaure lokacin hutu, mai hoton mutum-mutumi a bangonsa? Hedimasta Bamalli ya zo gaisuwa ya ɗauke shi. Bayan la'asar ya miƙe a gaban jama'a ya ɗaga shi ya ce, "Wannan harshen da ake addu'a da shi a coci ne. Ɗan liman ya tafi Ibadan koyon zama Fada. Wa zai bi sallar mutumin da ya kasa riƙe gidansa?"

Baba ya ce Tarihi kake karantawa, wannan ƙari ne kawai. Suka yi masa dariya. Washegari Haruna, yayan Bamallin, shi ya shige gaba. Ka san tun da daɗewa yake haƙon wurin.

Baba bai fasa zuwa masallaci ba, amma a sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da takalma. Abinci kuwa sai Inna ta yi da gaske.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Uwani

Ibadan
Fabrairu, 1979

Yaya Uwani,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da Inna da maigidanki. Wasiƙarki ta same ni, kuma tun ranar ban sami natsuwa ba.

Ki karanta wa Baba wannan. A jami'a kowa yana ɗaukar babban fanni da ƙarami. Babbana Tarihi, ƙaramina Latin, domin Malam Sebastine ya sa mini sonsa tun a sakandare. Harshen Rumawa ne, sun yi shari'a da waƙa da cinikin alkama da shi tun kafin a gina coci ko ɗaya. Littafin da Bamalli ya ɗaga kuwa, wallahi rabinsa maganar kiwon zuma ce da dashen itatuwa. Ba ranar da sallah ta wuce ni a garin nan.

Amma in barin Latin zai mayar da Baba gaban sahu, gobe zan je ofis in soke shi. Ki tambaye shi ki gaya mini.

Ki duƙa mini a gabansa.
Ƙanenki, Jibrin

Kwamba, Suleja
Maris, 1979

Jibrin,

Salama da gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Talata da hantsi. Na aika saƙo ta hannun wani direba da ke bi ta Lambata, ashe bai kai ba.

Na karanta masa wasiƙarka tun yana iya zama. Da na zo wurin zuma ya yi murmushi, ya ce, "Ki ce masa kada ya soke komai. Ba don littafi suka cire ni ba."

Likita ya ce hawan jini. Ni na san sunan ciwon. Kuma ka ji ƙarfin hali: Bamalli ya zo ta'aziyya da babbar rigarsa mai aska, ya zauna kan buzun Baba, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Na leƙa ta zana na ce, "Malam, tashi daga nan." Ya ce, "Haba Uwani, ai mutuwa ta shafe komai." Inna ce ta janye ni.

Ni mace ce, ba a sauraron muryata a dandali. Kai aka kai makaranta. In karatun nan naka bai iya ƙwato wa Baba haƙƙinsa ba, to ban san amfaninsa ba.

Allah ya ba mu haƙuri, amma ba yanzu ba.
Uwani

Ibadan
Mayu, 1979

Yaya Uwani,

Gaisuwa da fatan alheri. Na dawo lafiya. Da na zo gida ta'aziyya kin yi fushi da na miƙa wa Bamalli hannu. Ki yi haƙuri, kallonsa nake yi.

Zangon nan jawaban lauyoyin Rum muke fassarawa, waɗanda suka tsaya gaban alƙalai suka tuɓe wa azzalumai riga. Na koyi abu guda: ba sa zagi. Suna kawo abin da mutum ya aikata ɗaya bayan ɗaya, su kira shaidu, su bar shi ya musanta, sannan su rufe ƙofa. Malamarmu, Dokta Folasade, ta duba fassarata ta ce, "Kai kuwa wa ya taɓa ka?"

Na ji kwamitin binciken makarantun firamare zai zo daga Minna cikin damina. Kowa a Kwamba ya san Bamalli yana kwashe 'yan aji shida ya kai su noma gonarsa ta Garam a lokacin karatu. Kowa ya san 'yar Asabe mai ƙosai a can maciji ya sare ta, har yau tana ɗingishi. Ki bi iyayen nan gida-gida. Kada ki ambaci Baba. Ki tambaye su kawai ko za su faɗi abin da suka sani.

Shi ƙarya ya yi mana. Ni da gaskiya zan kayar da shi, don kada ya sami inda zai dafa ya tashi.

Ƙanenki, Jibrin

Kwamba, Suleja
Oktoba, 1979

Ƙanena Jibrin,

Assalamu alaikum, da fatan ka koma karatu lafiya.

Takarda ta iso daga Minna. An kori Bamalli, an ce ya fita daga gidan makaranta. Har yanzu ana maganar ranar zaman kwamitin a kasuwa, musamman inda ya rantse bai taɓa kai yaro gona ba, kai kuma ka ce, "Ranka ya daɗe, a bar yarinyar nan ta tako zuwa gaban tebur," kowa a ɗakin yana jin jan ƙafarta. Na yi guɗa a tsakar gida har Inna ta tsawata mini.

Haruna ma jama'a sun fara ja da baya daga sallarsa. Malam Sebastine ya zo gaishe da Inna. Ya ce jawabinka ya yi kyau, amma da ya san inda za ka kai shi, da ya fara koya maka waƙoƙin makiyaya. Na ce masa makiyaya ba su binne ubansu da baƙin ciki ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya Bamalli ya zo, ba babbar riga, ya durƙusa a ƙofar zaure rana tsaka, mutane na wucewa. Ya ce ya yi wa Baba ƙazafi, zai faɗa a masallaci, a yafe masa. Ya rame ƙwarai. Matarsa na bayansa da goyo tana kuka, kuma ba zan ɓoye maka ba, kukan ya ɗan taɓa ni. Inna ta ce ita ta bar wa Allah, sauran magana tana wurinka. Ya ce zai dawo Juma'a mai zuwa. Me zan ce masa?

Yayarka, Uwani

Ibadan
Oktoba, 1979

Yaya Uwani,

Ina gaishe ki da Inna.

Ki ce masa ya faɗa a masallaci, a tsaye, bayan la'asar. Matarsa ki auna mata dawa, ba ruwanta. Shi kuma in ya dawo ki ba shi ruwa ya sha, ki nuna masa hanyar maƙabarta. Wanda ya yi wa laifi yana can. In ya amsa masa, ni ma na yafe.

Wassalam.
Jibrin