Faifan Baba Nomau Ya Dawo, Takardar Tuhumata Tana Nan Manne

Zuwa ga Shugaban ofishinmu, kuma shugaban kwamitin da ya gayyato mai ɗaukar majigin tarihi, Gusau.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Lawali Garba, ƙaramin ma'aikacin da aka ɗauka a ofishinka bana bayan na gama jami'a, wanda har yanzu bai fita watannin gwaji ba.

Ranar Asabar ta ƙarshen watan jiya, ƙarfe takwas da rabi a agogona, bayan sallar isha'i, a filin makarantar firamare a Bungudu, wani dattijo mai suna Malam Labbo ya ɗauki faifan majigi na biyu daga teburin da ke gabana, ya sa shi cikin riga, ya tafi. Ina tsaye ina kallo. Ranar Litinin aka manna takardar tuhuma a allon sanarwa na ofis, an rubuta cewa na ɓatar da kayan baƙon gwamnati saboda sakaci. Yau ina farin cikin sanar da kai faifan ya dawo, kuma lafiyarsa lau. Na rubuto maka sau biyu ta hannun masinja ban ji amsa ba, ga shi maganar ta fita gari, har a bakin masallacin unguwarmu a Damba an tambayi mahaifina ko gaskiya ne ɗansa ya sayar da fim. Tunda a fili aka tuhume ni, ka yi mini afuwa in ba da bayani a fili.

1. Baƙon da aka ɗora mini

Baƙonmu shi ne Mista Adeniran. A Sabon Garin Gusau aka haife shi, mahaifinsa akawun jirgin ƙasa ne, kuma Hausarsa ta fi ta wasu cikinmu daɗi. Tun kafin a canja kuɗi daga fam zuwa naira ya zaga yankin nan da na'urarsa yana ɗaukar dattawa suna ba da labarin da. Kwamitinka ya gayyato shi ya nuna abin da ya ɗauka a Gusau da Tsafe da Bungudu, bayan kowane nuni kuma ya yi jawabi, jama'a su yi tambaya. Ni aka ce in kula da shi, ni kuma na sa hannu a kan faifansa uku. Ya gaya mini a gabanka cewa na biyun ba shi da wani kwafi mai kyau a ko'ina.

Da ya iso ba a kama masa ɗaki a gidan saukar baƙi ba, sai na kai shi gidanmu, mahaifina ya ba shi shigifa, ɗakin baƙi na gidanmu. Ban kawo wannan don ƙorafi ba. Alheri ya zama, kamar yadda za ka gani.

2. Abin da na roƙa kafin a fara

Na kalli faifan uku tare da shi da Malam Isa mai injin majigi kafin nunin farko. Na ga dattawa da yawa, wasu sun tsufa ƙwarai tun lokacin. Sai na roƙe ka a ba ni Landiroba yini ɗaya in zaga in gai da waɗanda suka fito a ciki, in shaida musu za a nuna su, in gayyace su. Ka ce mai ya yi wuya, kuma mai shela ya isa. Washegari na ga motar ta fita da safe, ba ta dawo ba sai da yamma. Ban san inda ta je ba, ba kuma zan yi zato ba.

Mai shela ya yi aikinsa. Ya ce a fito kallon majigin tarihi kyauta. Bai faɗi waɗanda ke ciki ba, don shi ma ba a gaya masa ba.

3. Gusau da Tsafe

Nan komai ya tafi daidai, kuma ya kamata in faɗa. A Gusau malaman makaranta da ma'aikatan jirgi sun cika wurin, har da wani tsohon fasto da ya gane ƙofar shagon mahaifinsa a hoto. A Tsafe dattawa sun riƙe Mista Adeniran da tambaya, wani ya ce masa ya ɗauki kasuwa ya bar maƙera, sai ya dawo ya gyara. Ya yi alkawari.

A wuraren biyu abin da ya fi burge mutane shi ne Baba Nomau na Karakkai, wani ƙauye a ƙasar Bungudu, a tsakiyar faifai na biyu. Yana zaune a gindin bishiya yana ba da labarin ranar da ya fara kai auduga Gusau a kan jaki yana saurayi, jirgi ya yi kuka, jakin ya zubar da kaya ya kama hanyar gida. Yana kwaikwayon kukan jirgin, yana kwaikwayon jakin, yana nuna yadda shi kansa ya riga jakin gudu. Ba wanda ya iya riƙe dariya, har kai ranka ya daɗe na ga ka cire tabarau kana share ido.

4. Bungudu

Baba Nomau ya rasu makonni uku kafin mu je. Ba mu sani ba.

Mutanen Karakkai sun ji shela sun tako da ƙafa, suka zauna a gefen hagu. Da fuskar Baba Nomau ta fito a kan farin ƙyallen, yara da mutanen gari suka fara dariya tun bai kai wurin jakin ba. Daga gefen hagu kuwa sai salati. Na ga wani magidanci ya rufe fuska da hula, daga baya na ji babban ɗansa ne. Malam Isa ne ya fara ganewa, ya kashe injin, ya cire faifan ya sa a gwangwaninsa. Sai ƙanin marigayin, Malam Labbo, ya taso ya yi mana sallama, ya ɗauka. Bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce shi ne: "Ko arba'in bai yi ba, kun kafa shi gaban jama'a ana dariya, kuma ba wanda ya tako ya ce mana sannu."

Takardar tuhuma ta ce ban yi yunƙurin hana shi ba. Haka ne. Sa'an kakana ne, yana cikin zaman makoki, ga 'yan'uwansa a bayansa. Ban ga ta inda zan kama rigarsa ba, kuma har yau ban gani ba.

5. Abin da ya biyo baya

Ranar Litinin ka ce za a tura 'yan sanda su karɓo faifan. Na roƙa a dakata. Mista Adeniran ya ce in an tura ɗan sanda gidan Baba Nomau a kan kayansa, to ya yafe kayan. Na gode da ka dakata, wannan hukuncin naka shi ya ceci al'amarin.

Ni dai hankalina yana kan faifan. Bazara ce, kuma Malam Isa ya ce mini in faifai ya yini a ɗakin kwano zai iya manne wa juna. Ina ta lissafin ko wani zai buɗe gwangwanin ya jawo shi a cikin ƙasa, ko a jefa shi a wuta don ɓacin rai. Mahaifiyata ce ta gaji da ganina ina zagaye tsakar gida. Ta ce ni da baƙon duka ba mu da kan gado, mutum ya mutu muna zancen gwangwani. Ta ce mu je mu yi gaisuwar mutuwa yadda ake yi, kada wanda ya kuskura ya ambaci faifai, in an ba mu mu karɓa, in ba a ba mu ba mu dawo. Mahaifina ya ƙulle mana goro, ya ce in faɗi sunansa da na kakana in na isa, kada in faɗi sunan ofis.

Muka hau motar kasuwa zuwa Bungudu, daga nan muka ari kekuna biyu zuwa Karakkai. Ba da motar ofis muka je ba, ba kuma a lokacin aiki ba, ranar Asabar ce da hantsi.

Mun sami Malam Labbo a zaure da 'ya'yan marigayin. Mista Adeniran ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma. Malam Labbo ya dube shi ya ce, "Ɗan reluwe, sai yanzu?" Ashe haka Baba Nomau yake kiransa, saboda aikin jirgin ƙasa na mahaifinsa, lokacin da ya kwana biyu a gidan yana ɗaukar hoto. Baƙonmu ya yi musu ta'aziyya. Kirista ne, amma da aka ɗaga hannu ana addu'a ya buɗe nasa tare da mu. Aka kawo fura muka sha. Suka ba mu labarin jinyar, tari ne ya riƙe shi tun daminar bara. Mista Adeniran ya ba su labarin yadda marigayin ya sa shi sake ɗaukar labarin jakin, wai na farko bai yi kukan jirgin da kyau ba. Nan babban ɗan ya yi murmushi, ya ce aikinsa ke nan.

Ba mu ambaci faifai ba. Muka yi sallama muka tashi. Sai Malam Labbo ya ce mu dakata, ya shiga cikin gida, ya fito da gwangwanin a naɗe cikin rigar marigayin. Ya ce a ɗakin yayansa ya ajiye shi, inda marigayin yake kwana, ba wanda ya taɓa. Ɗakin ƙasa ne mai rufin ciyawa, da na karɓi gwangwanin na ji shi da sanyi. Na yi godiya, muka hau kekunanmu.

Ranar Litinin da rana muka rufe tagogin siton ofis da barguna, Malam Isa ya sa faifan daga farko har ƙarshe. Hoto da murya duka suna nan, babu inda ya tsinke. Mista Adeniran ya rubuta shaidar haka da hannunsa, tana kan teburinka.

6. Abin da iyalin suka ce

Ba su hana a nuna shi ba. Malam Labbo ya ce a bari a yi addu'ar arba'in, bayan nan a kai shi duk inda ake so. Sai dai kafin a kunna a gaya wa jama'a ya rasu, a yi masa addu'a. Na tambaya ko a roƙi mutane su daina dariya, ya ce a'a, a bar su su yi, shi ma mai labarin don a yi dariya yake ba da shi.

Abu na biyu daga cikin gida ya fito. Matar marigayin, Inna Tumba, tana takaba, ba ta je Bungudu ba, ba ta taɓa ganin majigi ba. Ta aiko a tambaye mu ko a cikin abin nan yana tari. Ta ce ya daɗe yana yi har ta kasa tuna muryarsa ta da. Mista Adeniran ya ce a gaya mata ko sau ɗaya bai yi ba. Sai ta aiko cewa in ta fita takaba tana so ta ji. Baƙonmu ya ce zai dawo da faifan da kansa daga Ibadan, inda yake zaune yanzu. Amma injin majigi da injin wuta da mota na ofishinka ne, don haka ban amsa ba. Na ce zan kai roƙo.

7. Roƙona

Ina roƙo a cire takardar tuhumar daga allo da kuma fayil ɗina, a manna wata a wurin da ta ce faifan ya dawo lafiya, kafin a aika rahoton gwajina Sakkwato. Ina roƙo ofis ya je Karakkai gaisuwa da sunansa, don tamu ta gidanmu ce. Ina roƙo nan gaba kada a kunna hoton kowane dattijo sai an taka an gan shi ko an ga iyalinsa. Akwai sauran dattawa a faifai na ɗaya da na uku da ban san halin da suke ciki ba. Na ƙarshe, wanda ya fi duka a wurina, a ba da injin da mota na yamma ɗaya, ranar da Inna Tumba ta fita takaba.

8. Abin da ban sani ba har yanzu

Ban san inda Landiroba ta je ranar da na roƙe ta ba.

Ban san ko labarin rasuwar ya iso ofis kafin mu tafi ba. Babban ɗan ya ce sun aika wa dagaci, ban bi sawun saƙon ba, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ban san wanda ya fara cewa na sayar da fim ba, kuma na bar shi da Allah.

Ban san ko za a iya yi wa iyalin kwafi ba. Mista Adeniran ya ce zai bincika.

Ban san amsar da zan kai wa Inna Tumba ba. Malam Labbo ya ce zai shigo Gusau ranar kasuwa ya biyo ta gidanmu ya ji. Ina fata in same ka kafin ya iso.

Allah ya jiƙan Baba Nomau, ya ba iyalinsa haƙuri. Kai kuma ranka ya daɗe, Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya ba ka masu gaya maka gaskiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawali Garba,
Damba, Gusau.