Fensirin Bayan Kunne

Litinin, 3 ga Maris

Na gaji. Tun safe ina kan injin tsaga, katakon ƙofofin wani sabon gini, jiƙaƙƙe kuma. Zarto sai ihu yake kamar an taka wutsiyar kare. Amma an gama. To wa zai gama in ba ni ba. Duk layin kafintocin nan ba mai kunnena. Da jin kukan zarto nasan ya dakushe ko akwai ƙusa a cikin katako. Dogo mai fenti yace ranar da na mutu cire kunnen za'ayi a rataye a shago. Nace a sa masa gilashi kar ƙura ta taɓa.

Na dawo gida gyaren nan na cikin kaina yanata kuka. Kullum haka. Inji ya mutu shi bai mutu ba.

Uwargida tamin magana daga bakin kicin. Naga bakinta na motsi. Nayi dariya nace ai kinsan mijinki. Ta dubeni ta koma ciki.

Tunda aka mata aikin maƙoƙo muryarta ta koma ƙasa ƙasa kamar mai raɗa. Likita yace haka zata zauna. Da mu biyu ne kasuwar gidan nan, yanzu ni kaɗai ne. Shiyasa na ɗauko littafin nan, in ba hira a samu abin yi. Rubutun dai ni kaɗai ke iya karantawa, wani lokacin nima sai na canka.

Laraba, 5 ga Maris

Auta tazo daga gidan mijinta da wata ƴar leda. Wasu ƴan soso ne a ciki, rawaya, kamar alewa. Tace Baba na kunne ne, ka dinga sawa in zaka kunna inji. Nace ni? Ni da nake jin ƙusa tun tana cikin bishiya? Tace Baba talabijin ɗinka har maƙwabta na bin labarai da ita. Nace sadaka nake musu.

Na karɓa don kar ranta ya ɓaci. Hancinta irin na uwarta ne, in tayi fushi buɗewa yake.

Alhamis, 6 ga Maris

Ashe aiki ne. Sai ka murza shi ya zama siriri, ka ja kunne sama, ka tura, ka tsaya yana kumbura. Hannu duk garin katako da gam. Na dama ya faɗo cikin shara ban ƙara ganinsa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙaiƙayi. Kamar tururuwa tayi gida a ciki. Ramin kunnena na hagu har yayi ja. Na cire na koma audugata ta da. Dogo yace audugar nan ado ce kawai, kamar mutum ya sa hula ya shiga ruwan sama. Nace kai da fenti ya cinye maka hanci har kana da bakin magana.

Bayana na ciwo. Ba abinda nake so sai kwanciya.

Talata, 11 ga Maris

Bansan ta ina zan fara ba.

Jiya da yamma muna cin abinci Uwargida ta faɗi wata magana. Kanta a ƙasa, cokali a hannu. Banji ba. Ko kalma ɗaya. Sai nayi abinda na saba, na ƙyalƙyale nace to ai haka akeso, a ƙaro miya. Ta ajiye cokalin. Ta tashi. Nace ko gishiri ne yayi yawa. Bata juyo ba.

Yau Auta ta sameni a shago, ta jani waje bayan tarin katako. Tace Baba me Mama ta maka. Nace me fa. Tace ta gaya maka ta sake jin wani ƙullutu a wuyanta, likita yace ta koma a duba, kai kuma kayi dariya kace haka akeso.

Na zauna akan katako.

Da na koma gida na sameta tana ninke kaya. Na fara kame kame, wai hankalina ne yana wajen aiki. Ta matso daf da kunnena har ina jin numfashinta. Tace Baban Auta, duk sanda baka ji ba dariya kake. Na daɗe da ganewa. Ina ƙyaleka ne.

Ni da ake cewa bakina baya mutuwa. Na tsaya riƙe da zanen gado kamar an bani ajiya.

Juma'a, 14 ga Maris

Naje shagon masu kayan aiki. Mai shagon wata mata ce mai ƙaton tabarau, bata dariya da wuri. Nace Hajiya abin toshe kunne nakeso, ba nawa bane, na wani abokina ne. Tace abokin naka kansa ɗaya da naka? Nace kamar an tsaga katako. Tace to zauna mu gwada a kan naka.

Ta zube min kala kala. Ga soson nan na Auta, nace Allah ya raba. Ga wani na roba mai hawa hawa da igiya, ana wankewa, na tura naji kamar ana min awon rijiya. Sai masu kofi biyu da baka a sama, suna rufe kunne gaba ɗaya. Tace lambar da ke jikin kwali ita ke nuna yadda yake tare ƙara, amma wanda zaka iya wuni dashi shine naka. Ni ban saurari ƙarshen ba. Nace bani mai babbar lamba, babban mutum sai babban kaya. Ja ne, ƙato, da nauyi kamar an ɗora min tukwane.

Litinin, 17 ga Maris

Ina shiga layi Dogo ya ƙame ya sara min, wai direban jirgi ya sauka. Har masu walda suka leƙo. Nace ku matsa zan tashi da ku. Anyi dariya, naga haƙora dai.

Kafin azahar kaina kamar an sa a matsi. Kofin ya danne hannun tabarau na, ya shige min gefen kai, har yanzu shatin na nan. Gumi kuma ya taru a ciki, in na cire sai ya gangaro min wuya.

Ga fensir. Tun ina yaro fensirina a bayan kunne yake kwana yake tashi. Yanzu ba wajen sa. Hannuna sai yaje ya daki roba. Na sa a baki na tauna, na ajiye a tebur ya bi shara.

Amma ba wannan ne ya dameni ba. Zarto. Jinsa nake daga nesa kamar a gidan maƙwabta. Tsoro ya kamani. In akwai ƙusa fa? In ya dakushe ya ƙwace katako ya watso min? Sai na dinga ɗaga kofin dama ina saurara. Hannu ɗaya a katako ɗaya a kunne, wannan ai neman rasa yatsa ne.

Talata, 18 ga Maris

Na gano dabara. Kai, ni ɗin nan da anyi min boko da yanzu sunana na jikin kwali.

Na ɗauko injin huda na ɓula kofin dama, ɓangaren da ke kallon zarto. Rami ɗan daidai, ɗan yatsa na shiga. Na goge bakinsa da sanfefa yayi sumul. Yanzu ga iska na shiga, ga zarto ina jinsa raɗau kamar da, ga kuma abu a kai kowa na gani. Har fensir na soka a ramin da muka tashi cin abinci. Dogo ya juya shi ya juya yace to yanzu me yake tarewa? Nace hassada.

Gyaren dai yau da ƙarfinsa. Ƙila gajiya ce.

Asabar, 22 ga Maris

Asibiti. Ni na raka Uwargida, nace ba Auta ba, ni.

Likitan ya rufe baki da ƙyalle. Yana magana yana kallon takarda, ba leɓe ba komai. Na zauna ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Matata ce fa ake magana akan wuyanta, ni kuma ko kujerar da nake kai ta fini sanin abinda ake ciki. Sai da muka fito ta matso tace sun ɗebi ɗan abu da allura, sai an kira mu.

Ban ankara ba ta kama hannun rigata ta jani wani ɗaki. Ashe ta riga ta shirya da wata nas. Aka sani a wani ɗan akurki, aka ɗora min abu a kunne, wai in naji ƙara in danna. Na zauna ina jira su fara. Ashe sun daɗe da farawa.

Nas ɗin tace Baba na hagu da sauransa, na dama ne yayi nisa. Tace wanne ke kallon inji? Na taɓa na dama. Tace abinda ya tafi baya dawowa, wanda ya rage ake tsarewa. Kana sa wani abu kuwa? Nan na samu bakin magana. Na zaro jan nan daga jaka na nuna mata ramin, na fara bayani. Ta karɓa ta leƙa ta ramin ta hangoni. Tace Baba wa ya maka wannan ɓarnar? Nace injiniya ne. Tace ka gaya masa ya ɓula bokitinsa ma don ruwa ya sha iska.

Na juya naga Uwargida ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ba sauti, amma dariya ce, harda hawaye. Tun kafin aikin rabon da in ga haka. Na ƙyale su. A kaina ne amma na ƙyale.

Talata, 25 ga Maris

Banje aiki ba. Ba ciwo. Na dai kasa.

Alhamis, 27 ga Maris

Na koma wajen mai tabarau. Ta kalli ramin tace abokin naka ɓera ne? Nace Hajiya nine abokin. Tace ai nasani.

Wannan karon na zauna kamar mai zaɓen takalmi. Na sa wannan na girgiza kai, na sunkuya kamar ina tura katako, na buɗe baki na rufe. Wani ya matse, wani ya zame, wani bakan ya ci min sanƙo. Ƙarshe na tsaya akan wani baƙi mara nauyi, katifarsa laushi kamar kuncin jariri. Lambarsa bata kai ta jan ba amma tace ya isa injina in dai ya zauna ruf. Tace hannun tabarau ɗinka ne zai dinga buɗe masa kafa, yayi kauri.

Na faɗa a gida ina mita. Uwargida ta tashi. Ta ɗauko tsohon tabarau na, ta kwance hannayen da bakin almakashi, ta ɗaura siririyar robar wando. Na sa. Na duba madubi. Kamar mai shirin nutso a kogi. Dogo zai samu abin tsokana na wata guda.

Talata, 1 ga Afrilu

Na wuni dashi. Gumi na nan, in na kashe inji sai in cire in goge. Kai baiyi ciwo ba.

Wani abu. Ashe zarto na nan a ƙasa, ihun ne kawai ya tafi. Da na daina tsoro sai naji gurnaninsa, kuma katakon kansa na magana a tafin hannu. Da la'asar naji ya canza, na kashe, na juya katakon. Guntuwar ƙusa, ta yi tsatsa. Na ɗagata sama na zagaya layi da ita. Nace ku gani, ko a toshe na fi ku. Dogo yace wani abu, kowa ya dara. Nima na dara. Sai daga baya na tuna banji ba.

Fensir uku na ɓatar. Ko huɗu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ba'a kira daga asibiti ba har yanzu. Uwargida sai share inda ta riga ta share take. Ni kuma na rage talabijin, ban ma san me suke cewa ba, ina dai kallo.

Laraba, 9 ga Afrilu

Sun kira ina shago, Auta ce ta kaita.

Na dawo na samu Uwargida a tsakar gida tana tsince wake a tire. Ta ɗago ta faɗi magana. Bakin ya motsa, iska ta ɗauke. Naji dariyar ta taso min har maƙogwaro, ta saba hanya. Na haɗiye ta. Da ƙyar ta wuce.

Nace banji ba. Sake faɗa.

Ta daɗe tana kallona. Na jawo kujera na zauna ta damanta, na bata kunnen hagu. Tace ba mugun abu bane, magani zata sha, a dinga dubawa. Nace sake faɗa. Tace ai kaji. Nace naji, sake faɗa dai.

Daga nan bata tsaya ba. Labarin layin asibiti, da wata mata da ta zo da miji mai tsoron allura, da rikicin Auta da mai gidan haya, da tukunyar da ta fashe tun watan jiya ban sani ba. Ashe tara su take. Inda ya wuce ni sai in taɓa hannunta ta koma baya. Waken nan har duhu ya fara ba'a gama shi ba. Ni dai sauraro kawai nake. Ba wai wani abu bane, gajiya ce, wuni nayi a tsaye.

Da naje rataye rigar aiki naga ɗayar, wadda ta wanke, an ɗinka mata wani siririn aljihu a ƙirji. Da sabon fensir a ciki, an fiƙe. Ɗinkin ya ɗan karkace, gobe zan tsokaneta. Ko kuma in bari.

Gyaren na nan. Ban dai kula shi ba yau, ana min magana.