Tabarau Na Mayar Maka

Tchaké, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Illo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da harkar shago a Maraɗi. Tunda ba ka ɗaukar wayata, ga takarda.

Tabarau ya iso. Haba Yaya! Na ce maka ƙanwarka Barira ta lalace tun rasuwar jaririnta, ko launi ba ta gani, sai ka aiko da tabarau?

Na kai ta likita a Mayahi. Ta karanta allon gwajin ido har layin ƙasa. Suka ce idonta garau yake, ciwon damuwa ne, kuma yakan dusashe wa mutum launi, ya ja hankalinsa ga abin baƙin ciki kaɗai. Sun ce a kai ta Maraɗi, akwai magani.

Ka san Barira. Tun muna yara daga bakin gona take hango furen ƙuduji mai kashe hatsi, kafin kowa. Bana ya cinye mata gayauna, jajir, tana ratsawa ta cikinsa. Na nuna mata, ta ce ita toka-toka take gani. Amma busasshen kara guda a tsakiyar hatsi, shi za ta tsaya tana kallo har rana ta take. Ta daina ci. Awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu.

Mijinta Mahaman ya ce iskoki ne, hayaƙi kawai ake mata. Na yi magana, ya ce ba ya shawara da mace, sai wanda ke madadin Baba. Kai ke nan, in ka manta. Wallahi raina ya ɓaci da kai, kuma tsoro nake kada mu rasa ta kafin kaka.

Shekaranjiya wani mai babur ya wuce da jar hula irin taka. Barira ta miƙe har tana tuntuɓe, ta ce mini ga jar hular Yaya. Tun rani ban ji ta ambaci launin kome ba sai rannan. Da ta ga ba kai ba ne, ta koma ta zauna.

Tabarau na cikin takardar nan. Ka sa, ko ka ga hanyar gida.

A gaida Samira da yara.

Taka ƙanwa,
Zulaihatu