Na Naɗe Ɗan Mutane a Farin Zane

Malam mai ba da shawara, don Allah ka taimake ni, hankalina ba ya jikina.

Ni malamin elementare ne a wani ƙauye bakin kogi a ƙasar Haɗeja. Bara aka tura mu kwas, aka nuna mana cewa in yara suka kwaikwayi labarin da suke karantawa, karatun ya fi zama. Na gwada, kuma wallahi ya yi. Yaran da a da sai da bulala suke buɗe baki suka koma rububin takarda, kowa na son ya san maganar da zai faɗa.

To, da ruwa ya cika fadama bana, sai na rubuta musu labarin yaron da ya ƙi jin gargaɗi, ya shiga kwalekwale shi kaɗai, ruwa ya ci shi. Ya'u ɗan Zarami masunci na sa ya fito a matsayin yaron da ruwa ya ci, don shi har yanzu bai iya haɗa baƙi ba, gawa kuwa ba ta magana. Muka naɗe shi da farin zane, yara huɗu suka ɗauke shi a kan asabari suna salati. Sai ga gwaggonsa ta dawo daga ɗiban ruwa, ta leƙo ta taga. Ihun da ta yi har yau yana kunnena.

Kwana uku da yin haka zazzaɓi ya kwantar da Ya'u. Yanzu ko kunu ba ya iya sha. Gari ya ɗauka ni na yi masa fatan mutuwa. In na yi sallama a masallaci, da ƙyar ake amsawa. Na san zazzaɓin damina ne, amma in na tuna yadda na ja zanen na rufe masa fuska da hannuna, sai in ga kamar laifina ne. Tsoro nake ji, Malam. In yaron nan ya mutu fa? Ban iya zuwa gaishe shi ba. In gudu gida Jahun ne?

Ƙaramin malami, Satumba 1954

Ɗan'uwa, ka natsu. Rai a hannun Allah yake, farin zane ba ya kawo zazzaɓi. Dabarar koyarwarka kuma mai kyau ce, kada ka yar da ita.

Amma mutanen gari ba wawaye ba ne. Ka ɗauki abin da ake yi wa mamaci ka yi wa ɗan mutane da ransa, ba ka tambayi kowa ba. Ba ka kyauta ba. Shi yaron ma ka tauye shi, domin wanda bai iya karatu ba shi ya fi bukatar a ba shi magana. Nan gaba ka fara karanta wa liman da iyaye labarin kafin yara su taɓa shi.

Maganar Jahun kuwa, ka bar ta. In ka gudu, ka tabbatar musu da zarginsu. Ka roƙi liman ya raka ka wurin Zarami, ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka nemi ya yarda a kai yaron asibitin Haɗeja, kai ma ka bi su. In ya zage ka, ka shanye, ɗansa ne a kwance.

Ban san halin da amsar nan za ta iske ku ba. Ko ka tarar da Ya'u a zaune, ko ka tarar an shimfiɗa tabarmin makoki, ka cire takalminka ka shiga. Allah ya tashi kafaɗarsa, ya ba ka ƙarfin zuciya.